Ado Ba Ya Jefa Ƙwallo a Rami: Raddi ga Masu Raina Sandar Sinuka Mai Adon Kwaikwayo

Akwai wata magana da ta zauna daram a bakin masu sha'awar wasan sinuka, musamman irin na Amurka mai ƙwallaye masu lamba, wanda shi aka fi bugawa a teburan unguwanninmu. Maganar ita ce, sandar kirki sai wadda aka yi da itace mai tsada na ainihi, aka fafe jikinta aka dasa mata ado na hauren giwa, ko azurfa, ko ɓawon kawa mai ƙyalli. Duk wadda adonta sitika ne da aka manna aka bi da man sheƙi, ko wadda farin jikinta roba ne ba haure ba, to jabu ce, kuma mai riƙe da ita bai shirya wasa ba tukuna. A can Amurka inda sana'ar sassaƙa waɗannan sanduna take da tarihi da manyan sunaye, ana ta ja-in-ja a kan wannan tun shekaru da dama. Masu ra'ayin ba jahilai ba ne. Da yawansu sun fi ni sanin itace, wasunsu ma da hannunsu suke aikin. Kuma karin maganarmu tana bayansu, tunda mun ce araha ba ta ado. Duk da haka ina ganin sun haɗa abubuwa biyu da ya kamata a raba, wato kyan sanda a ido da aikinta a kan tebur.

Kafin a yi musu gardama sai an ba su haƙƙinsu, domin aikin da suke karewa aiki ne na gaske. Dubi waɗannan tsinaye guda huɗu da ke hawa daga wajen mariƙi su nufi tsakiyar sanda kamar bakin mashi. A sanda ta ainihi ba zana su ake yi ba. Masassaƙi yakan ɗauki itacen gaban gindin sandar, ya yanka masa kwari huɗu masu faɗi daga ƙasa suna tsukewa zuwa sama. Sai ya kawo wani itace baƙi ƙirin mai kusurwa huɗu, ya jera masa siraran fallayen katako masu launi a gefe biyu, ja da kore da ruwan ɗorawa, kowanne bai fi kaurin farce ba, ya shafa gam ya cusa a kowane kwari, ya ɗaure ya bari ya bushe. A wannan matakin abin ba shi da kyan gani ko kaɗan, wani ƙullutun katako ne mai kunnuwa. Sai an ɗora shi a injin da ke juya itace ana fefe shi a hankali, sannan tsinayen ke bayyana, kowanne da layukan launinsa suna haɗuwa a ƙoli. Idan kwari ɗaya ya fi sauran zurfi da kaurin gashi, tsininsa zai fi na sauran tsawo, kuma duk mai ido zai gani. Wanda ya fitar da huɗun nan daidai wa daida ya cancanci kuɗinsa, ba na jayayya a kan haka.

Inda muka rabu shi ne da'awar cewa wannan aikin yana ƙara wa sanda iya bugu. Sandar wasan nan tsawonta kusan inci 58 ne, nauyinta tsakanin oza 18 zuwa 21, kuma gida biyu ce da ake ɗaurawa a tsakiya. Duk adon da ake magana a kai yana rabin baya ne. Abin da ke taɓa ƙwallo kuwa ɗan guntun fata ne a can gaba, faɗinsa wajen milimita 13, kuma haɗuwarsu ba ta wuce kusan kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa ba. Babbar matsalar da ɗan wasa ke fama da ita daga sanda tana faruwa ne idan ya bugi farar ƙwallo a gefe don ta yi juyi: sandar na ɗan ture ta zuwa ɗaya gefen, sai ta kauce daga layin da ya auna. David Alciatore, wanda ya daɗe yana koyar da aikin injiniya a jami'ar jihar Kolorado kuma ya yi gwaje-gwaje masu yawa a kan wasan da kyamara mai saurin ɗauka, ya nuna cewa yawan wannan kaucewa ya dogara ne ga nauyin 'yan incin farko na bakin sanda. Idan bakin ya yi sauƙi, kaucewar ta ragu. Tauraron azurfa da aka dasa kusan ƙafa huɗu daga wurin ba shi da ta cewa a ciki.

Masana'antar da kanta ta amsa wannan tambaya tun tuni. A shekarun 1990 kamfanin Predator ya fito da gaban sanda da ya kira 314. Ba itace guda ba ne. Tsagin itacen mapul guda goma ne aka manne su kamar ɓarin lemo, aka kuma rarake cikin bakin don a rage masa nauyi. Wanda ya yi imani da itace guda gangariya zai kira wannan haɗe-haɗe, amma ƙwararru suka rungume shi domin ya fi tafiya inda aka aike shi. A 2016 kamfanin ya fito da Revo, wanda babu itace a jikinsa sam, zaren kabon ne baƙi. Cuetec ya biyo baya da nasa, Shane Van Boening na Amurka kuma da irinsa yake wasa. Yau idan ka kalli babbar gasa a talabijin, baƙaƙen gaban sanda za ka yi ta gani. Mutanen da abincinsu ya rataya a kan bugu ɗaya sun bar itacen ainihi a daidai wurin da ya fi muhimmanci, to ina dalilin cewa rashinsa a wurin ado zai hana mutum cin wasa?

A ɓangaren sinukar Ingila ma labarin ɗaya ne. Stephen Hendry na Sikotlan ya ci gasar duniya sau bakwai tsakanin 1990 da 1999 da wata sanda ta fam 40 da aka saya masa tun yana yaro, irin ta kanti. Da ita ya ci gaba da wasa har ta karye a cikin kayan jirgi a 2003 yana dawowa daga Tailan. Lokacin da yake kan ganiyarsa duk wani masassaƙi a Birtaniya zai so ya yi masa sabuwa kyauta. Bai canza ba, domin hannunsa ya san nauyinta, ya san inda take lanƙwasa. A ganina sabo ya fi komai a wannan wasa, kuma ba a dasa shi da gam.

Akwai wuri ɗaya da masu wancan ra'ayi suke da hujja mai ƙarfi, bai kamata a tsallake shi ba. A tsohon salon haɗi, ba ƙananan tsinaye ake cusawa a kwari ba. Itace biyu ake yankawa kamar yatsun hannu biyu a sarƙe su, mapul mai sauƙi a gaba, itace mai nauyi a baya. A nan tsinayen ba ado ba ne kawai, su ne mahaɗin, kuma nauyin itacen baya shi ke daidaita sandar a hannu. Haka aka fara, ado ya zo ne daga baya ya hau kan buƙata. Sai dai yawancin sandunan yau, har da masu tsada, ba haka ake daidaita su ba. Cire robar da ke gindin sanda ka leƙa, galibi za ka tarar da ƙusa mai zare da ake sauyawa don a ƙara ko a rage nauyi. Aikin da itace mai nauyi yake yi a da, guntun ƙarfe ya karɓe shi.

Sannan shi kansa wannan "ainihi" da ake tinƙaho da shi, idan aka buɗe cikinsa, ba shi da tsarkin da ake zato. Fallayen nan ja da kore da shuɗi babu bishiyar da ta tsiro da su haka, farin katako ne aka rina. Itatuwa masu kyan zane da yawa ba su da amana, suna murɗewa ko su tsage, don haka ƙwararrun masassaƙa kan huda su daga wannan kai zuwa wancan su zura musu sandar mapul a ciki. Itacen mai tsada ya zama riga ke nan, wanda ke ɗauke da nauyin aikin yana ɓoye. Wasu kuma ana tsoma su cikin ruwan roba a matse har ya ratsa su, don su daina shan iska. Ramukan da ake dasa ado a ciki, a yawancin shaguna inji mai kwamfuta ke fafe su. Ba wanda ya ce wannan ha'inci ne, kuma ba ha'incin ba ne, gwaninta ce. Amma wanda ya yarda da rini da huda da ruwan roba, a wane layi ya tsaya har yake kiran na wani jabu?

George Balabushka shi ne sunan da ake rantsuwa da shi a wannan sana'a. An haife shi a Rasha a 1912, ya yi aikinsa a Buruklin ta birnin New York, ya mutu a 1975, kuma sandunansa a yau ana sayensu kan dubban daloli. To shi wannan gwani ba ya haɗa tsinayen sandunansa da kansa. Da farko sandunan Titlist na kamfanin Brunswick yake saya, waɗanda ake yi da yawa a masana'anta, ya yanke su ya gina nasa a kai. Daga baya ya koma sayen haɗaɗɗen gaba daga Burton Spain, sannan daga Gus Szamboti. Abin da ya sa ƙwararrun zamaninsa ke bin layi a ƙofarsa shi ne yadda yake zaɓen itacen gaban sanda, da yadda yake daidaita ta, da yadda take amsawa a hannu. Abin dariya kuma, fim ɗin da ya kai sunansa kunnen duniya, The Color of Money na 1986 wanda Paul Newman da Tom Cruise suka fito a ciki, sandar da aka nuna a matsayin Balabushka ba ita ba ce. Ta kamfanin Joss ce na jihar Meriland. Miliyoyin mutane suka yi ta sha'awarta ba wanda ya ga aibu. 'Yan cacar Amurka ma suna da tasu dabarar ta juyin waina: su sa a yi musu sanda mai kyau ƙwarai amma a yi mata kama da ta haya da ke jingine a bangon shago, don abokin karawa ya raina su ya zuba kuɗi. Su dai sun san inda ƙarfin sanda yake.

Batun hauren giwa ya fi nauyi, domin a nan ba kuɗi kaɗai ake biya ba. A ƙarni na 19 ƙwallayen wasan da haure ake yin su, kuma haure guda 'yan ƙwallaye kaɗan yake bayarwa. A shekarun 1860 kamfanin Phelan and Collender na New York ya sa ladan dala 10,000 ga wanda ya samo madadi, abin da ya zaburar da John Wesley Hyatt har ya kai ga seluloid, ɗaya daga cikin robobin farko a duniya. Ƙwallon haure yana da cuta: yakan sha iska ya daina zama da'ira sosai, sai an sake fefe shi, yakan kuma tsage. Yau ƙwallayen manyan gasa na roba ne mai tauri, mafi shahara su ne Aramith da kamfanin Saluc ke yi a Beljiyam, kuma ba ɗan wasan da zai yarda a mayar da shi kan haure. Kwaikwayo ya zo ya fi na asali a abin da ake bugawa, kowa ya karɓa ba gardama. A jikin sanda ne kawai ake ci gaba da cewa sai haure.

Wasu za su ce zoben haure da ake sawa a bayan fatar bakin sanda yana da wani amo mai daɗi da roba ba ta da shi. Na yarda kunne na iya jin bambanci. Amma haure abu ne mai nauyi, nauyi a bakin sanda kuwa shi ne ke ƙara kaucewar da muka ambata. Ga kuma doka. Tun 1989 yarjejeniyar CITES ta hana cinikin hauren giwar Afirka tsakanin ƙasashe, a 2016 Amurka ta ƙara tsaurarawa har ta kusa rufe cinikinsa a cikin gida. Sanda mai haure ta zama kayan da tsallaka iyaka da shi ke iya jawo wa mutum magana. Mu da muke nahiyar da ake ciro hauren ba sai an yi mana dogon bayani ba. A 2012 mafarauta suka kashe ɗaruruwan giwaye a gandun Bouba Ndjida na arewacin Kamaru cikin 'yan makonni. A Najeriya ɗan garken Yankari na cikin kaɗan da suka rage, kuma a Janairun 2024 gwamnati ta niƙe kusan tan biyu da rabi na hauren da aka kama, a Abuja. Masassaƙin da ya dasa farar roba irin Elforyn ko Juma a maimakon haure, ya kuma faɗa wa mai saye abin da ya sa, bai rage wa sandar komai ba sai alhaki.

Haka abin yake ga baƙin itacen nan da ake ji da shi, eboni, wanda ɗan uwan kanya ne da muka sani. Mafi baƙinsa daga dazuzzukan Kamaru da Gabon yake fitowa. A 2011 kamfanin yin jita na Taylor ya shiga mallakar wata masana'antar yanka eboni a Yawunde, sai shugabansa Bob Taylor ya bayyana abin da ya tarar: masu sara kan kayar da bishiya wajen goma kafin su samu ɗaya mai baƙi tsantsa, sauran masu ratsin fari a bar su a daji su ruɓe, domin kasuwa baƙi ƙirin take so. Ba a gane launin cikin bishiya sai an kayar da ita. Itacen kokobolo na Amurka ta Tsakiya, wanda masu sanduna ke matuƙar so saboda jansa da nauyinsa, ya shiga jerin itatuwan da CITES ke taƙaita cinikinsu a 2013, daga farkon 2017 kuma aka sa dukan danginsa. A wannan lokacin ne madobiya ma ta shiga jerin, bayan an ga irin sarar da aka yi mata a Taraba da sauran sassan Afirka ta Yamma ana lodi zuwa Sin. Idan duk mai teburin haya a duniya ya dage sai eboni na gaske a gindin sandarsa, dajin da zai ɗauki wannan nauyi babu shi.

To daga ina wannan imani ya samo ƙarfinsa, tunda mutane ba sa riƙe magana haka kawai? Daga abin da suka gani ne. Mutum ya sayi sanda mai araha mai adon sitika, bayan wata uku ta karkace kamar baka, fatar bakinta ta fita, mahaɗinta na ƙara. Sai ya ce sitikar ce. Alhali laifin na itacen gaba ne da ba a bari ya bushe ba. Masassaƙin kirki yakan fefe gaban sanda kaɗan, ya rataye shi makonni, ya sake fefewa, har watanni, wanda ya karkace a hanya ya jefar. Masana'antar da ke gaggawa ba ta da wannan haƙuri, kuma ita ce dai ke manna sitika don rage kuɗi. Abu biyun suna tafiya tare ne, amma ɗaya bai haifi ɗaya ba. Akwai sanda mai sitika da aka yi wa gaba mai kyau, akwai mai dashe na gaske da ta karkace. A yanayi irin namu ma, inda hunturu ke busar da komai ƙayau sannan damina ta jiƙa shi, sandar da aka haɗa da itace iri-iri da haure ta fi shiga haɗari, domin kowanne da irin kumburinsa da motsewarsa. Shi ya sa a tsohuwar sanda za ka shafa yatsa ka ji bakin adon ya ɗan taso, ko ka ga siririn tsagi ya ratsa farin.

Abin kamar babbar riga ne. Aikin hannu na allura da zare ya fi na keke daraja da tsada, kuma wanda ya san shi zai gane shi daga nesa, amma ba ya ƙara wa rigar rufe jiki, kuma telan da ya ce maka na keke ne ya sayar maka a kuɗin na keke bai cuce ka ba. Wanda ya cuce ka shi ne wanda ya karɓi kuɗin aikin hannu. A nan ni da masu wancan ra'ayi muke layi ɗaya, kuma fushinsu a nan yana da gaskiya. Manyan kamfanoni kan rubuta a takardar kayansu cewa wannan dashe ne, wancan manni ne. Ɗan kasuwar da ya goge wannan bambanci ya yi algus.

Gane shi kuwa ba wuya idan mutum ya natsu. Kai sandar wurin haske ka juya ta a hankali. A tsini na gaske, jijiyar itacen tsinin daban take tafiya da ta itacen da ke kewaye da shi, kowanne kuma da yadda yake ɗaukar haske idan ka karkata. A na sitika, za ka ga jijiyar itacen ƙasa ta wuce ta ƙarƙashin zanen ba ta tsaya ba, ko kuma baƙin ya zama shafaffe ba rai. Nemi inda bakin takardar biyu suka haɗu, galibi akwai siririn layi a tsaye da zanen bai gamu daidai ba. Da gilashin ƙara girma za ka ga ɗigo-ɗigon tawada irin na hoton mujalla. Dashen da inji ya fafe kusurwoyinsa kan ɗan yi kumbu domin bakin injin da'ira ne, wannan ba aibu ba ne, alama ce ta cewa rami aka yi. Farashi ma yana magana: sandar da ke da ado ɗari a jikinta ana sayar da ita kuɗin takalmi, ba sai an tambaya ba.

Akwai dalilai biyu na gaskiya da za su sa mutum ya biya kuɗin dashe. Idan man sheƙin sanda ya tsufa ya kakkarce, mai dashe ana goge ta a sake shafa mata ta dawo sabuwa, mai sitika kuwa gogewar za ta tafi da adon gaba ɗaya. Sannan sandar sanannen masassaƙi tana riƙe darajarta a kasuwa, wani lokacin ta ƙaru, ta kanti kuwa faɗuwa take yi tun ranar da aka fita da ita. Mai hali da ke son mallakar aikin gwani ya saya, ya ji daɗinsa. Yaron da ke tara kuɗinsa don ya daina amfani da karkatacciyar sandar mai tebur kuwa, shawarata gare shi ita ce ya gara sandar a kan tebur ya ga ko tana tsalle, ya ɗaure mahaɗin ya ji ko yana motsi, ya duba fatar bakin, ragowar kuɗin kuma ya sa a canza masa fata mai kyau ya sayi alli na kirki.